Yadda za ka fahimci bhakti kafin ka ziyarci haikalin Hindu na Odorkor

Ɗalibin unguwar Nima ko Mamobi a Accra da aka ba aikin rubutu kan addinin Hindu yakan fassara bhakti da "ibada" ya wuce, alhali a wurin masu ita ƙauna ce ga abin bauta wadda take kai bawa ga miƙa wuya ɗungurungum, kuma malamansu da dama suna ɗaukar ta ƙololuwar kamalar ruhi.

Ka fara da Bhagavad Gita, littafin da mabiya Hindu ke tsarkakewa, mai babi 18 da baiti 700, amma kada ka bi shi daga farko. Buɗe babi na 12, inda jarumi Arjuna ya tambayi Krishna, abin bautarsu da ya zo cikin siffar mutum, wanda ya fi tsakanin mai bautar Ubangiji da siffa da mai neman wanda ba shi da siffa, aka ba shi amsa cewa hanya ta biyun ta fi wuya ga mai jiki. Daga nan ka duba babi na 9 baiti na 26, inda aka ce ganye ko fure ko ɗan itace ko ruwa ya isa kyauta muddin da ƙauna aka miƙa shi, sannan babi na 18 baiti na 66, wanda ya kira bawa ya sallama komai ya nemi mafaka wurin Krishna kaɗai.

Wurin da ya fi cancantar ka dakata shi ne saɓanin mabiyan Ramanuja, wani babban malamin Hindu, a kudancin Indiya kan ko sai bawa ya yi ƙoƙari kafin ya sami tsira. Wasu suka ce bawa kamar ɗan biri yake, dole ya ƙanƙame uwarsa da hannunsa, wasu kuma suka ce kamar ɗan kyanwa yake, uwa ce ke ɗaukar sa da baki ba tare da ya yi komai ba. Wanda ya zauna gaban malaman Tijjaniyya a zango zai tuna da zancen tawakkali, amma a ganina kuskure ne a ce abu ɗaya ne, domin saukowar Ubangiji cikin jikin mutum da bautar mutum-mutumi ba su da gurbi a tauhidi.

Bayan karatu sai gani da ido. Hau trotro, wato motar haya, daga Kaneshie zuwa unguwar Odorkor a Accra, inda haikalin da aka kafa a 1975 ƙarƙashin Swami Ghanananda, ɗan Gana, yake. Cire takalmi a ƙofa, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, ka kuma lura da yadda ake kewaya fitila gaban abin bauta ana kaɗa ƙararrawa, da carbinsu mai ƙwaya 108. A ƙarshe sukan raba prasad, wato abincin da aka fara miƙa wa abin bautarsu, don haka ka yanke shawara tun daga gida. In ba za ka ci ba, ka dafa ƙirji ka yi godiya cikin ladabi.