Yadda za ki taimaki ƙwaƙwalwar yaro mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa buguwa a ka

Dan Allah kafin komai a ajiye bulalar nan tukuna. Yaron da ke fama da ciwon ƙoda mai daɗewa, ko wanda ya taɓa faɗowa ya bugu a ka, ko zazzaɓi ya taɓa hawa masa ƙwaƙwalwa, abinda ake fara gani shine karatu ya ja baya, a biya masa aya uku yanzu anjima kaɗan ya manta, a aike shi kanti ya siyo abu uku ya dawo da ɗaya, sai ki ji an fara kiransa daƙiƙi, malam ya zane shi a islamiyya ya dawo gida babansa ya ƙara masa. Alhali ciwon ne ke aiki a jikinsa.

To wai me ya haɗa ƙoda da kai? Ƙoda ita ke tace dattin jini, in ta yi rauni dattin sai ya taru, kuma jinin nan dai shi ke zuwa ƙwaƙwalwa. Ita ce kuma take fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, shiyasa kusan duk mai ciwon ƙodan da ya yi nisa za ki same shi da ƙarancin jini, kullum a gajiye, yana gyangyaɗi a aji. Ga hawan jini, wanda mutane suke ɗauka ciwon manya ne, yara masu ciwon ƙoda suna yinsa sosai kuma yana lalata ƙananan jijiyoyin kai a hankali ba tare da yaron ya ce ko kansa na ciwo ba. Akwai wani babban bincike da aka fara a Amurka da Kanada a 2003, ana bibiyar irin yaran nan shekara da shekaru, abinda aka gani shine yawancinsu basirarsu tana nan daidai da ta sa'anninsu, inda ake samun matsala shine tattara hankali wuri ɗaya, riƙe abu a ka, da tsara aiki daga farko har ƙarshe. Kinga kenan kwanya na nan, ɗaukar ce take tafiyar hawainiya. In har an kai ga wankin ƙoda kuwa, sau uku a sati wajen awa huɗu kowane zama, ki lissafa darasi nawa yake wuce shi a zango ɗaya.

Buguwar kai ita nata salon daban ne, kuma a nan aka fi yaudaruwa. Yaro ɗan shekara uku ya faɗo daga kan babur ko daga bene, a kwanta asibiti a sallame shi yana gudu yana wasa, kowa ya ce Alhamdulillahi ya warke sarai. Sai ya shiga aji uku ko huɗu a ga ya kasa bin lissafi, ga saurin fushi, ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma ba wanda zai tuna da faɗuwar nan. Dalili kuwa gaban ƙwaƙwalwa, wato ɓangaren da ke bayan goshi mai kula da tsari da danne zuciya, ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20, to in ya samu rauni tun yaro na ƙarami ba za a ga giɓin ba sai lokacin da aikin wurin ya zo. Kuma ba faɗuwa kaɗai ba, maleriyar da ta hau kai har yaro ya suma, sanƙarau, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani, doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka da wuri ba, duk suna iya barin irin wannan tabon.

Yanzu abin yi. Ki samu littafi guda ɗan sittin ki ware shi don yaron kawai. Duk zuwa asibiti ki rubuta awon jininsa nawa ne, hawan jini nawa, wane magani aka canza, a gefe kuma ki rubuta abinda kika lura da shi a gida, yau ya manta kaza, satin nan yana barci a aji, ya fara fitsarin kwance bayan da ya daina. Likitocinmu layi ya musu yawa, in ba ke kika ɗago maganar karatu ba da wuya a tambaye ki, za a duba ƙoda ne kawai a rubuta magani a ce a dawo wata mai zuwa. Ki ce a auna masa hawan jini duk zuwa, da abin awo na yara daidai hannunsa, na manya ba ya ba da lissafi daidai. Ki nemi a gwada jinsa da ganinsa ma, musamman in ya taɓa sanƙarau ko shawara, don wani yaron ba mantuwa yake ba, tun farko bai ji abinda malam ya faɗa ba.

Sai maganar kemis, nan kam zan ɗan yi faɗa. Ibuprofen da diclofenac da ake ba yara kamar alewa suna ƙara kashe ƙodar da dama ta raunana, allurar gentamicin kuma ƙoda da kunne duka take iya taɓawa in an yi ta barkatai. Jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba a haƙura da su, ko da kuwa kakarsa ce ta aiko, a lallaɓa ta da magana mai daɗi. Gishiri da dunƙule a rage a tukunya. Ruwa kuwa kar ki yanke hukunci da kanki, wani yaron ana taƙaita masa, wani kuma ƙodarsa zubar da ruwa take yi dole ya sha da yawa, likitansa ne zai faɗa.

Dalma ma a kiyaye, don ita ƙoda da ƙwaƙwalwa take ci lokaci guda. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, ƙauyukan Anka da Bukkuyum inda ake daka duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gida, yara sama da 400 suka rasu, waɗanda suka rayu da yawa ta bar musu rauni a kai. Kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai shima ana samun dalma a ciki. In kuma yaron sikila ne, ki tambaya a yi masa hoton jijiyoyin kai da ake yi daga shekara 2 zuwa 16 don gano haɗarin shanyewar ɓarin jiki, saboda sikila tana toshe ƙananan jijiyoyi a ɓoye, wani lokacin a karatu ne za a fara ganin alamar.

A gida, umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Maimakon ɗauko buta ka rufe ƙofa ka kira yayarka, ki ce ɗauko buta, in ya kawo sai na gaba, kuma ki sa ya maimaita abinda kika ce da bakinsa. Karatu minti goma zuwa sha biyar a huta, an fi samun kansa da safe bayan ya karya, ranar wankin ƙoda kuwa a ƙyale shi ya kwanta. Hadda a rage masa, aya biyu da ta zauna ta fi shafi guda da zai zube kafin la'asar, a yawaita tilawar baya. Waya da talabijin a kashe in ana karatu, kuma ya samu barci isasshe.

Makaranta kuma ƙafa da ƙafa za a je, in maigida ne zai fi samun shiga wajen malaman to shi ya je, boko da islamiyya duka. A roƙa a zaunar da shi gaba, a ƙara masa lokaci a jarabawa, a bar shi ya fita fitsari duk sanda ya nema ba sai an tsare shi da tambaya ba, kuma a faɗa musu ƙarara ba a dukansa, balle a ka.

In kuma sabuwar buguwa ce, kwana ɗaya zuwa biyu ya huta sannan ya koma karatu kaɗan kaɗan, ƙwallo da kokawa sai likita ya yarda. Amma in kika ga yana ta amai, ko barci ya yi masa nauyi ana tashinsa da ƙyar, ko jijjiga, ko ruwa ko jini na fita ta hanci ko kunne, ko ciwon kan sai ƙaruwa yake, ko ɓari ɗaya ya saki, kar a tsaya shafa man zafi ko jiran gari ya waye, a nemi abin hawa a tafi asibiti a daren.