Yadda Ake Shuka Furen Daliya a Gefen Lambu da Tokarar da Ba Ta Fito Fili Ba

Daliya fure ne da asalinsa ya fito daga tsaunukan Meziko, inda aka ayyana shi a matsayin furen ƙasa a shekarar 1963. Saboda wannan asali, ya fi son hasken rana da rana tare da sanyin dare, shi ya sa wurare masu tudu irin Jos da Mambila suka fi dacewa da shi a kan yankunan da zafi ke tsanani.

Ana shuka shi ne da saiwarsa mai kama da dankali, kuma dole ne kowane yanki na saiwar da za a shuka ya kasance da ido a wuyansa, domin daga nan tsiro ke fitowa. A haƙa rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15 a ƙasar da ba ta riƙe ruwa, a gauraya ta da ruɓaɓɓen taki, sannan a bar tazarar kusan santimita 60 tsakanin shuka da shuka. Kada a yawaita ban ruwa kafin tsiro ya fito, domin saiwar kan ruɓe.

Babban aikin shi ne tokara. Karan daliya akwai rami a cikinsa, furanninsa kuma suna yin nauyi idan suka jiƙe, don haka iska ɗaya mai ƙarfi ta isa ta karya shuka. Ya kamata a kafa sandunan tun ranar shuka, kafin a rufe ramin, domin wanda ya jira sai shukar ta girma yakan soke saiwar ba tare da ya sani ba. A kafa sandunan gora uku ko huɗu kewaye da kowace shuka, a kuma tabbatar tsawonsu a saman ƙasa bai wuce kashi biyu cikin uku na tsawon da shukar za ta kai ba, ta yadda ganye zai lulluɓe su. Sanda guda doguwa da aka ɗaure dukan rassa a jikinta tana ɓata kyan lambu, kuma tana hana iska ratsa ganye. Inda gara ta yi yawa, siririn rodi da aka shafa wa koren fenti mai duhu ya fi gora daɗewa.

Sai a zagaya sandunan da igiyar rama, a ratsa ta tsakiya, a riƙa ƙara sabon zagaye duk lokacin da shukar ta ƙara kusan santimita 30. Igiyar leda mai ƙyalli ba ta dace ba, domin daga nesa ake hango ta. Idan an ɗaure kara a jikin sanda, a sassauta ɗaurin saboda karan zai yi kauri.

Idan shukar ta kai santimita 30 zuwa 40, a tsinke kanta domin ta yi rassa da yawa, ta cika wurin, ta rufe tokarar. A gaban layin kuma a shuka gajerun furanni da za su ɓoye gindin sandunan, sannan a riƙa cire furannin da suka bushe domin sababbi su ci gaba da fitowa.