Yadda Za a Tsara Makewayi da Wurin Wanka a Makaranta Domin Sutura da Tsaron 'Yan Mata

A shekarun da na yi ina cikin kwamitin iyaye da malamai na wata makarantar je-ka-ka-dawo, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da muka zagaya bayan azuzuwa muka tarar da wata ɗaliba tsaye a bakin makewayi ta baza hijabinta da hannu biyu, tana kare ƙawarta da ke ciki, saboda ƙyauren ya cire tun zangon karatun da ya wuce ba a mayar ba. A takarda makarantar tana da makewayin maza daban da na mata daban, kuma an rubuta hakan da fenti a jikin bango, amma yaran sun riga sun san cewa rubutun bango ba ya suturta kowa. Wannan bayani na shugabannin makarantun boko da na Islamiyya ne, da 'yan kwamitin iyaye, da duk wanda aka ɗora wa nauyin gina makewayi ko gyara shi a wurin da maza da mata ke taruwa.

Kafin a kira birkila, a fara da sauraron waɗanda za su yi amfani da wurin. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a sa malama ɗaya ko biyu waɗanda ɗalibai suka saki jiki da su, su zauna da 'yan matan a keɓe ba tare da wani namiji a wurin ba, domin yarinyar da ta taso cikin kunya ba za ta buɗe baki ta yi maganar jinin al'ada ko ta mai leƙe a gaban hedimasta ba. A tambaye su lokacin da suke tsoron zuwa makewayi, da hanyar da suke gudun bi, da inda maza ke yawan tsayawa, sannan a zagaya harabar tare da su, su nuna da yatsa. Sau da yawa za a ji cewa wasu ba sa shan ruwa tun safe har a tashi don kada fitsari ya kama su, wasu kuma suna zama a gida kwana biyu ko uku duk wata. Abin da suka faɗa shi ne zai zama tushen zanen ginin.

Daga nan sai lissafin adadi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 game da makarantun da ba su da ƙarfin aljihu ta tanadi makewayi ɗaya ga kowace ɗaliba 25, da ɗaya na malamai mata, sannan makewayi ɗaya da wurin fitsari ɗaya ga kowane ɗalibi namiji 50, da ɗaya na malamai maza. Ke nan makarantar da ke da 'yan mata 400 da maza 400 tana buƙatar ɗakuna 16 a ɓangaren mata, da 8 a ɓangaren maza tare da wuraren fitsari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba ɗakunan daidai wa daida da sunan adalci, alhali mace ta fi daɗewa a ciki kuma ba ta da wurin fitsari na tsaye, sai layi ya yi tsawo a lokacin tara, ƙanana su haƙura su tafi bayan katanga. Idan kuɗin da ke hannu ba zai kai adadin ba, a fara da ɓangaren mata, a bar fili a gefe domin ƙari a shekara mai zuwa.

Zaɓen wuri ya fi komai wuya, domin al'adarmu ta tura makewayi can nesa, kamar yadda sunan bayan gida da kansa ya nuna. A cikin gida wannan ba matsala ba ce, tunda katanga ta kewaye kowa, amma a makaranta mai faɗin fili nesa tana nufin ciyawa da duhu da katangar da ta zube, inda wani daga waje zai iya tsallakowa ba wanda ya gani. Ƙa'idar da na ambata ta ce kada makewayi ya wuce nisan mita 30 daga masu amfani da shi, kuma a gefe guda masu aikin ruwa da tsafta sun daɗe suna gargaɗin kada ramin masai ya matso ƙasa da mita 30 daga rijiya ko rijiyar burtsatse, kuma ƙasan ramin ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. Ma'aunin da nake ba da shawara a riƙe shi ne wannan: malamin da ke tsaye a barandar ofis ya iya hango hanyar da ke zuwa makewayin, amma ya kasa ganin ƙofofin ɗakunan. Ana samun haka da gina gajeriyar katangar kariya a gaban ƙofofin, mai mashiga a fili, wadda ba ta zama lungun da mutum zai laɓe a ciki ba.

Ɓangaren maza da na mata su zama gini biyu masu rata a tsakani, kowanne da hanyarsa, ta yadda yarinya ba za ta ratsa ta gaban taron samari ba kafin ta isa. Inda ƙarancin fili ya tilasta a haɗa su a gini ɗaya, a juya ƙofofinsu su kalli sassa daban-daban, kuma bangon da ya raba su ya zama na bulo tun daga ƙasa har ya taɓa rufi. Ratar da magina ke bari tsakanin bango da kwano da sunan shigar iska ita ce kafar da ake leƙe ta cikinta, kuma yanzu da kusan kowane saurayi ke da waya mai kyamara, hannu ɗaya da aka miƙa ta wannan kafa ya isa ya ɓata wa yarinya rayuwa. Batun alƙibla kuma a warware shi tun a kan takarda: hadisin Abu Ayyub al-Ansari ya hana fuskantar alƙibla ko ba ta baya yayin biyan buƙata, kuma duk da cewa malaman Malikiyya sun sassauta a cikin gini, babu dalilin jawo saɓani a kan abin da juya bakin masai kawai zai magance.

Ƙyaure shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne abin da ake tsuke wa kuɗi. Ƙyauren langa-langa da aka kafa a jikin katako marar ƙwari ba ya wuce damina biyu, don haka gara a sayi na ƙarfe mai kauri da firam ɗin da aka dasa cikin siminti, ko da hakan zai sa a rage ɗaki ɗaya. Kowane ƙyaure ya kasance da sakata ta ciki a tsayin da yarinya 'yar aji ɗaya za ta kai, kuma ratar ƙasansa ta zama 'yar kaɗan wadda ruwa zai wuce amma ido ba zai shiga ba. A kafa ƙusa ko maratayi biyu a ciki domin hijabi da jaka, tunda ɗalibar da ba ta da inda za ta rataya mayafinta dole ta miƙa wa wata a waje, ta bar ƙofa a buɗe. Yana da kyau sakatar ta zama irin wadda malama za ta iya buɗewa daga waje da wani ƙarfe na musamman idan yarinya ta suma a ciki. Sannan a daina ɗabi'ar garƙame makewayi mai kyau da kwaɗo a ajiye makulli a ofis sai baƙi sun zo, domin yarinya ba za ta je gaban malamai maza ta roƙi makulli ba.

Akwai wani cin karo tsakanin tsafta da tsaro wanda ya kamata a sani. Masai mai bututun iska, wanda Peter Morgan ya ƙirƙiro a ƙasar Zimbabuwe a shekarun 1970, yana aiki ne idan cikin ɗakin ya ɗan yi duhu, domin ƙudajen da ke cikin rami su bi hasken da ke saman bututun su maƙale a ragar da aka sa masa. To amma duhu shi ne abin da ƙananan yara suka fi tsoro, musamman inda ake samun kunama da maciji. Tunda mu masu tsarki da ruwa ne, na fi ganin dacewar masai irin wanda ake kora wa ruwa da buta, ko kwanon roba mai murfin da ke rufe kansa irin na SATO, domin su ne ke toshe wari da ƙuda ba tare da an hana ɗakin haske ba, sai a buɗe taga ƙarama can sama kusa da rufi a sa mata raga. A makarantar kwana kuma fitilar sola a kan hanya da cikin ɗakunan wajibi ce, kuma a ɗaga ta inda hannu ba zai kai ba.

Ruwa ya kasance a cikin ɓangaren mata, ba a famfon tsakar makaranta ba. Ƙa'idar ta 2009 ta ƙiyasta lita 5 ga kowane mutum a rana a makarantar je-ka-ka-dawo da lita 20 a makarantar kwana, ban da ruwan tsarki da na korawa. Tanki ko randa mai murfi a bayan katangar kariya, da butoci da sabulu, sun wadatar. A ware aƙalla ɗaki ɗaya mai ɗan faɗi wanda yarinya za ta iya wanke jikinta da tufafinta a ciki, a sa bokiti mai murfi na zubar da audugar mata, a kuma shirya yadda za a riƙa ƙone abin da ya taru. Idan ba a yi haka ba audugar za ta ƙare a cikin masai, ramin ya cika da wuri kuma masu kwasa su sha wahala. Magudanar wannan ɗaki a binne ta ƙarƙashin ƙasa ta zuba a rami mai rufi, saboda yarinya ba za ta yi wanki a inda launin ruwan zai fito a kwata kowa ya gani ba.

A makarantun kwana akwai wata matsala da ba a cika magana a kanta ba, wato wurin wanka na bai-ɗaya, inda ake tara ɗalibai da yawa a fili guda mai katanga da hujjar cewa ai duk jinsi ɗaya ne. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Sa'id al-Khudri ya hana namiji kallon al'aurar namiji, ya kuma hana mace kallon al'aurar mace, don haka raba maza da mata bai sauke nauyin sutura ba. A irin wannan fili ne manyan ɗalibai ke cin zalin ƙanana, ake kuma yi wa masu tabo ko wata lalura a jiki dariya. A yanka wurin zuwa ƙananan ɗakuna, aƙalla ɗaya ga ɗalibai 20, kowanne da ƙyaurensa, a ware wa 'yan ƙananan aji nasu ɓangaren ko nasu lokacin, kuma malamar da ke kula da ɗakin kwana ta riƙa kasancewa kusa a lokacin wankan asuba.

A ƙasashen Turawa muhawarar makewayi ta fi karkata ga waɗanda suka sauya jinsi da ɓangaren da ya kamata su shiga. Jihar Karolina ta Arewa a Amurka ta yi doka a 2016 da ta wajabta wa mutum shiga ɓangaren da ya dace da jinsin da ke takardar haihuwarsa a gine-ginen gwamnati, aka janye wannan sashe a 2017 bayan ƙauracewar kamfanoni da ƙungiyoyin wasanni, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin jinsin haihuwa. Wannan muhawara tasu ce, ta taso daga dokokinsu da yanayinsu, amma akwai abu ɗaya na gini da za mu amfana da shi. Ƙa'idar gine-gine da ta fara aiki a Ingila a watan Oktoban 2024 ta buƙaci ɓangaren maza da na mata daban a sababbin gine-ginen jama'a, ta kuma amince da ɗaki mai cin gashin kansa, na mutum ɗaya, mai cikakken bango da ƙofa da wurin wanke hannu a ciki. Irin wannan ɗaki guda ɗaya, a kusa da ofis, yana warware mana matsaloli da dama: na ɗalibi mai keken guragu da ke buƙatar mai taimako, na uba da ya zo taron iyaye da ƙaramar 'yarsa, da na yaron da aka haifa mata-maza, wanda littattafan fiƙihu suka daɗe da sanin hukuncinsa amma makarantunmu ba su taɓa tanadar masa wurin da zai shiga ba tare da an tona masa asiri ba. A yi ƙofarsa da faɗin santimita 90 tana buɗewa waje, da gangare maimakon matakala, da ƙarfen dafawa a bango, wanda dama dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Janairun 2019 ta wajabta sauƙaƙa musu shiga gine-ginen jama'a.

Bayan an gama gini, a rubuta sunan wanda ke da alhakin kowane ɓangare. Mace ce za ta riƙa share ɓangaren mata da duba shi, kuma idan aikin gyara ya kama sai namiji ya shiga, a yi shi bayan an tashi ko tare da rakiyar malama. Kada a mayar da wankin makewayi horo ga mai laifi, domin hakan ne ke koya wa yara ƙyamar wurin. A ware wani kaso na kuɗin kwamitin iyaye kowane zango domin sakata da sabulu da kwasar masai, a kuma sa ranar da za a zagaya a gwada kowace sakata da hannu. Haka nan a sanar da 'yan mata sunan malamar da za su kai wa ƙara idan an leƙa su ko an tare su a hanya, tare da alkawarin cewa ba za a ambaci sunansu a taron safe ba. Duk ƙarar da ta shigo a rubuta ta da ranarta, a sanar da iyayen yarinyar a ranar, a toshe kafar ko a share ciyawar da aka nuna kafin mako ya zagayo, idan kuma abin ya kai ga taɓa jiki ko ɗaukar hoto, a miƙa maganar ga hukuma.