Yadda Za Ka Gane Ma'anar Kalmomin Sara na Turanci Kafin Ka Yi Amfani da Su

Mutum yana iya shafe shekaru yana karatun Turanci, ya ƙware a nahawu, amma ranar da ya ji wani matashi ya ce wata mota "sick" ce, sai ya ɗauka kushe ta ake yi, alhali kuwa yabo ne matuƙa. Haka sara take: takan ɗauki kalmar da kowa ya sani ta sauya mata ma'ana, wani lokaci ma ta mayar da ita kishiyarta, kamar yadda "wicked" ke nufin abu mai ƙayatarwa a bakin wasu. Saboda haka haddace jerin kalmomi ba ya wadatarwa, abin da ya fi amfani shi ne sanin hanyar bin diddigin kowace kalma da ka ci karo da ita.

Ka fara da duba jimlar gaba ɗayanta. Idan ma'anar da ka sani ba ta zauna daidai a wurin ba, to akwai alamar sara ce. Wanda ya ce abokinsa ya yi masa "ghost" ba zancen fatalwa yake yi ba, yana nufin abokin ya yanke hulɗa da shi ba tare da wani bayani ba. Haka nan "spill the tea" ba ta da alaƙa da zubar da shayi, roƙo ne a fesa labarin da ake ɓoyewa, galibi na tsegumi. Yanayin fuskar mai magana da amsar da aka ba shi sukan bayyana rabin ma'anar tun kafin ka buɗe ƙamus.

Daga nan sai ka tambayi kanka daga wace ƙasa mai maganar ya fito, kuma a ganina nan ne aka fi yin tuntuɓe. A Amurka idan aka ce mutum "pissed" yake, ana nufin ransa ya ɓaci, amma a Birtaniya ana nufin ya bugu da giya, kuma a duka ƙasashen kalmar ba ta dace da zaman mutunci ba. "Pants" wando ne a Amurka, a Ingila kuwa kamfai ne. Ba'amurke yakan kira dala "buck", Bature ɗan Ingila kuma ya kira fam "quid". Idan ɗan Birtaniya ya tare ka da "You alright?", gaisuwa ce kawai, ba wai ya ga alamar rashin lafiya a jikinka ba ne. Mutanen gabashin Landan ma suna da tasu sarar ta amsa-amo, inda "apples and pears" ke nufin matakalar bene, don kawai ƙarshen "pears" ya yi amo ɗaya da "stairs".

Bayan haka ka nemi kalmar a ƙamus mai inganci irin na Oxford, Cambridge ko Merriam-Webster, kuma kada ka tsaya ga ma'ana kaɗai. Ka lura da ɗan tambarin da ake sa wa kalma, wanda ke nuna ko ta hira ce, ko ta batsa ce, ko ta cin mutunci, domin wannan tambarin ne zai kare ka daga jin kunya. Shafin Urban Dictionary, wanda aka kafa a 1999, yakan riga sauran samun sababbin kalmomi, sai dai kowa na iya rubuta bayani a cikinsa, har da masu barkwanci, don haka a tabbatar da abin da aka gani a can a wani wurin.

Yana da kyau kuma a san shekarun kalma. "OK" ta fara bayyana ne a wata jaridar birnin Boston a 1839 a matsayin raha, ga ta nan har yau ta zama ta kowa. "Cool" ta bazu ta bakin makaɗan jaz baƙaƙen fata na Amurka a shekarun 1940, kuma daga al'ummar tasu ne sara da yawa ta fito, ciki har da "no cap", wato ba ƙarya. Ita kuwa "rizz", wadda ke nufin iya jan hankalin wanda ake so, Oxford ta zaɓe ta a matsayin kalmar shekarar 2023, amma irinta kan tsufa da wuri idan yayinta ya wuce.

Wajen amfani, ka yawaita fahimta, ka taƙaita furtawa. Kada ka sa sara a takardar neman aiki, ko amsar jarrabawa, ko saƙo zuwa ga shugabanka. Ka jira sai ka ji kalma daga bakin mutane daban-daban, ka lura da wanda suke faɗa wa, sannan ka gwada ta tsakanin abokai. Kalmomin da ke nuni ga launin fata, ko jinsi, ko naƙasa kuwa, ka bar su gaba ɗaya ko da ka ji 'yan wata al'umma suna faɗa wa junansu, domin abin da suka yarda da shi a tsakaninsu zagi ne idan ya fito daga bakin bare.