Bindiga biyu sun ishe ka farauta a Amurka

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga shawarata ga wanda ya zo Amurka yake son fara farauta: kada ka cika gida da bindigogi, biyu sun wadatar.

Ta farko ita ce mai watsa harsashi, lamba 12 (ma'aunin faɗin bakinta ke nan), irin Mossberg 500 ko Remington 870. Ita ce mai yin kowane irin aiki. Da ita za ka harbi agwagwa, talo-talon daji da zomo, harsashi kawai kake canzawa. Har barewa tana kayarwa a kusa idan ka sa mata dunƙulallen harsashi. Amma a kula, tun 1991 dokar tarayya ta hana harbin agwagwa da harsashin dalma, sai na ƙarfe ko makamancinsa, kuma wajen harbin agwagwa ba a yarda bindigar ta ɗauki fiye da harsashi 3 ba.

Ta biyu raifal ce mai cin harsashi lamba .308 ko .30-06, don barewa daga nesa. Ni na fi son .308 saboda ba ta dukan kafaɗa sosai, kuma harsashinta ba ya wuyar samu. Kuɗin da za ka kashe a bindiga ta uku, gara ka zuba shi a madubin hange mai kyau na ɗorawa a kan raifal.

In da hali daga baya, ƙaramar raifal mai cin harsashi lamba .22 tana da daɗin koyon saiti, harsashinta ma da araha.

Kafin komai, yi kwas ɗin mafarauta, yanki lasisin jiharka, ka tanadi akwatin ƙarfe mai makulli saboda yara.