Ku Daina Kashe Silindar Edison da Allurar da Ba Tata Ba

Na gaji da ganin sabbin masu tara garmahon silinda, wato tsohon injin da ke kaɗa waƙar da aka naɗa a jikin bututun kaki, suna ɓarna iri ɗaya. Mutum ya sayi garmaho samfurin Edison Standard da aka gyara tsaf, ya ɗora duk silindar da hannunsa ya kai gare ta, ya murɗa. Haba!

Silindar ba iri ɗaya ba ce. Ta minti 2 layi 100 gare ta a inci guda, wato layukan da allura ke bi. Amberol ta minti 4, wadda ta fito a 1908, layi 200 ne, sirara ƙwarai, kuma kakinta ya fi saurin fashewa. Kan allura samfurin C na minti 2 ne, H na minti 4, kuma dole giyar injin ta dace da silindar. Allurar lu'ulu'u kuwa an yi ta ne don Blue Amberol ta 1912, wadda jikinta seluloid ne, wata irin roba mai tauri. Ni da kaina na taɓa sauke lu'ulu'u a kan baƙar Amberol ta kaki. Ina kallo garin kaki yana taruwa a bakin allurar, muryar mawaƙin tana dishewa. Kafin in ɗaga, waƙar da ta tsira fiye da shekara ɗari ta tafi, kuma babu mai maido ta. Tun daga ranar nake manna takarda a cikin murfin kowane inji, in rubuta irin silindar da yake ci.

Sai riƙo. Wa ya ce ku damƙi silinda ta waje? Yatsu biyu ake zurawa ciki a buɗa su. Maiƙon hannu da laima su ke jawo fumfuna, ita kuma cin kakin take yi, goge ta ba ya maido da sautin. Wadda ta iso daga sanyi nakan bar ta cikin kwalinta ta kwana, don ɗumin hannu kaɗai na iya tsaga ta.

Idan Blue Amberol ta ƙi shiga, filastar cikinta ce ta kumbura, kada ku tura da ƙarfi. Gudun yawancin silindar Edison daga 1902 zagaye 160 ne a minti. In sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke juya injin, yana bugawa, tsohon giris ne ya daskare, ku kai wa gwani, domin sifirin da ya kuɓuce yana yanka hannu. Katakon kuwa ku bar masa tsohon fentinsa da tambarin Edison, kada ku sa masa samfefa.