Yadda ake neman shuɗin allo ga gidan marubucin Amurka a Landan

Hukumar English Heritage, mai kula da wuraren tarihi a Ingila, ita ce ke kula da shuɗin allon da ake sa wa gidajen mashahuran mutane don tunawa da su a Landan tun 1986, kuma kowa na iya gabatar da suna. Kafin a cika takarda, a tabbata marubucin ya cika shekara 20 da rasuwa, kuma ginin da ya zauna a ciki yana nan tsaye. In an rushe shi an sake gini, magana ta ƙare.

Wahalar tana wajen hujja. A tattaro wasiƙun da ya rubuta da adireshin gidan, da rajistar ƙidaya, da littattafan harajin gidaje. A kula sosai, domin an sha sauya sunayen tituna da lambobin gidaje a Landan, lambar da ke wasiƙa ba lallai ita ce ta yau ba. Nan ne mutane da yawa ke kuskure, su nuna gidan maƙwabci. Ba sai marubucin ya daɗe a gidan ba: allon Mark Twain, marubucin Amurka, a 23 Tedworth Square, unguwar Chelsea, na zaman 1896 zuwa 1897 ne kawai.

In kwamitin hukumar ya amince, sai a nemi yardar mai gida. Ya ƙi, babu allo.

Allon na yumɓu ne da aka gasa, faɗinsa santimita 49.5, kaurinsa 5. Ana sassaƙe bango a dasa shi daidai da fuskar ginin, a wurin da mai wucewa zai karanta daga titi. A yi haƙuri, aikin kan ɗauki shekara biyu zuwa uku.